'Yan Aiken Da Ke Yawo Cikin Jinin Dabba

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san bijimi da dandaƙaƙƙen sa ba ɗaya ba ne. A ɗauki maruƙa biyu iri ɗaya, a ce Bunaji, haihuwar damina ɗaya, a dandaƙe guda a bar guda. In an shekara uku aka jera su, ba mai cewa tare aka haife su. Wanda aka bari zai yi kaurin wuya da ƙaton tozo, ga faɗa, ga tonon ƙasa da ƙaho, ba ya ganin karsana ya ƙyale. Dandaƙaƙƙen kuwa sai ya fi shi tsawon ƙafa, tozonsa ya tsaya madaidaici, ya yi sanyin hali har yaro ya ja shi zuwa gona. Haka bunsuru da taure: wancan ga wari ga ɓarna, wannan ga kitse ga zaman lafiya. Abin da aka taɓa a jikin dabbar yana can tsakanin ƙafafun baya. To, ƙaƙa aka yi tozon da ke bisa kafaɗa ya sami labari?

Wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, shi ya fara ba da amsa cikin shekarar 1849, da zakaru kuwa ya yi gwajinsa. Ya fiɗiye waɗansu 'yan zakaru, sai zankonsu da leɓensu suka ƙi girma, ba cara, ba faɗa, ba bin kaji. Waɗansu kuma, da ya cire musu maraina, sai ya mayar da guda ɗaya cikin cikinsu, ya ajiye shi wajen hanji inda ba nan ne mazauninsa ba. Waɗannan suka tashi zakaru sosai, suna cara suna dambe da juna. Da ya yanka su ya duba, ya tarar abin da ya dasa ya kama, hanyoyin jini sun shige shi, amma ba wata jijiya da ta haɗa shi da sauran jiki. Ashe ta cikin jini saƙon ke tafiya.

Irin waɗannan 'yan aike su ne wani masani na Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa suna homon cikin 1905. Na namiji, watau testostaron, sai cikin 1935 aka iya tace shi a birnin Amsterdam, daga marainan bijimai. Yana da 'yan'uwa. Akwai estarojin, wanda ke sa saniya neman sa. Akwai farojestaron, wanda ke riƙe ciki kada ya zube. Akwai kuma kotisol, wanda ke fitowa daga wata 'yar tsoka a bisa ƙoda sa'ad da dabba ta ji tsoro ko yunwa ko wahalar tafiya. Dukansu daga abu ɗaya jiki ke ƙera su, wani irin maiƙo da a ke kira kolestarol, shi ya sa a ke haɗa su a zuriya ɗaya, a ce da su sitiroid.

Yadda su ke aiki shi ne abin sani. Jikin dabba an gina shi da 'yan ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A ɗauki kowace ƙwaya kamar gida mai katanga da zaure, can ciki kuma ga turakar maigida inda a ke ajiye kundin umarni, watau abin da dabba ta gāda daga uwa da uba. Katangar nan da maiƙo aka yi ta. Da ya ke sitiroid shi ma maiƙo ne, ba ya tsayawa sallama, sai ya ratsa ya shige kamar ɗan gida. In ya sami wanda aka ajiye don karɓarsa, sai su haɗu su shiga turaka, su buɗe wani shafi na kundin, ƙwayar ta kama yin abin da ke rubuce a shafin. A wuyan sa, shafin ya ce a ƙara tsoka. A fatar kan bunsuru, ya ce a yi man nan mai wari. Inda babu mai karɓa kuwa, saƙon sai ya wuce kamar wasiƙar da ba ta gidan ba ce. Jini yana kai shi ko'ina, amma ba ko'ina a ke amsa shi ba.

Wannan hanya tana cin lokaci, awoyi ko kwanaki, abin da aka riga aka gina kuma ba ya rushewa don an daina aiko da saƙo. Manomin da ya dandaƙe tsohon bijimi yau, ya ɗaura masa karkiya jibi yana tsammanin ya zama rago, zai sha mamaki. Halin da sa ya saba da shi shekara biyar ba ya barinsa duka, har ma ya kan iya ba saniya ciki cikin 'yan makonnin farko. Tsawon ƙafar dandaƙaƙƙe ma daga nan ya ke. A kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi inda ƙashin ke daɗa tsawo. Homon na balaga su ke rufe shi. In an cire su da wuri, sai faifan ya daɗe a buɗe, ƙafa ta yi ta tsawo. Saboda haka mai son san noma mai wuyan ɗaukar karkiya ba ya gaggawar dandaƙa tun maraƙi na shan nono, ba ya kuma bari sai sa ya riƙa. Ga wanda zai yi, abin matsewar nan da malaman dabbobi ke riƙewa, mai suna Burdizzo, ya fi dandaƙar gargajiya da itace nesa ba kusa ba, don yana datse jijiyar sau ɗaya ba tare da ya fasa fata ba, ƙuda ba ya samun wurin zama.

Akwai wani ɗan wannan zuriya da aka daɗe ba a gane asalinsa ba, har aka sa shi cikin jerin bitamin, sunan kuma ya bi shi. Shi ne bitamin D. Masu kiwon kaji a ɗaki su ya fi kamata su san shi, gama su ya fi yi wa ɓarna.

Kazar gida da ke yawo a tsakar gida tana tono a juji ba ta san rashinsa ba. Amma a zuba 'yan tsaki ɗari a ɗaki mai rufi, a toshe taga don gudun sanyi da muzuru, a yi ta ba su dusa da tsakin masara kaɗai. Kafin su yi wata guda sai a ga suna tafiya kaɗan su gurfana, ƙafafu sun lanƙwashe, baki ya yi laushi har ana iya tanƙwara shi da yatsa. Mai su ya ce annoba ce, ya tafi neman maganin mura. Alhali ba cuta mai yaɗuwa ba ce, ƙashi ne ya rasa abin da zai taurara shi. In kaji masu ƙwai ne, sai ɓawon ya yi ta raguwa har a sami ƙwai mai fata kawai, daga baya su daina yi.

Wannan ciwo ya addabi yaran biranen Turai zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe musu rana. Cikin 1919 Edward Mellanby a Ingila ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ba su kunun hatsi, ƙafafunsu suka karkace, ya warkar da su da man hantar kifi. A wannan shekara kuma wani likita a Berlin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara da hasken wata irin fitila, ba tare da man kifi ba. Abin da ya fi ba da mamaki, in an haska hannu ɗaya, ɗayan ma sai ya warke. Watau fata ce ke yin wani abu, jini ya ɗauka ya kai. Cikin 1922 Elmer McCollum a Amurka ya nuna abin da ke cikin man kifin dabam ne da bitamin da aka sani a lokacin, aka ba shi harafi na huɗu.

Ga yadda abin ke gudana. A cikin fata akwai wani ɗan'uwan kolestarol. In wani sashe na hasken rana ya faɗa masa, sai ya juye ya zama bitamin D. A nan bai isa aiki ba tukuna. Sai ya bi jini zuwa hanta a yi masa gyara na fari, sa'an nan ya wuce ƙoda a yi masa na biyu. Aikin ƙodar nan sai wajen 1970 aka gano shi. Wanda ya fito daga ƙoda shi ne ɗan aike na sosai, kuma irin shigar 'yan'uwansa ya ke yi: ya ratsa katangar ƙwayoyin hanji, ya shiga turaka, ya buɗe shafin da ke cewa a tsotso kalsiyam da fosforas daga abinci. Waɗannan biyu su ne tubali da laka na ƙashi. In babu shi, ko abincin na ɗauke da su, mafi yawa sai su bi kashi su fita. Ƙoda kuma ba ta yi da ka. In kalsiyam ya ragu cikin jini, waɗansu 'yan tsokoki da ke wuya su kan aiko mata da saƙo ta ƙara, su kuma sa a riƙa kankaro kalsiyam daga ƙashi don jini kada ya rasa. Jiki ya gwammace ƙashi ya lalace da zuciya ta tsaya.

Abu biyu ya kamata mai kaji ya riƙe. Gilashin taga yana tare sashen hasken da ke wannan aiki, saboda haka ɗaki mai haske ta gilashi da ɗaki mai duhu duk ɗaya ne a wannan wajen. Taga mai waya wadda rana ke shiga kai tsaye, ko ɗan fili mai shinge, shi ne abin nema. Sa'an nan bitamin D iri biyu ne. Akwai na tsiro, D2, wanda a ke samu a ciyawa da harawar da aka shanya a rana, shanu da tumaki suna amfana da shi. Kaza kuwa kusan ba ta cin moriyarsa, sai D3, na dabba. Mai haɗa abincin kaji da kansa ya duba takardar da ke jikin buhun garin bitamin, ya ga wanne aka rubuta.

Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kalsiyam wajen giram 2, ana kuwa gina shi cikin awa ashirin ko kusa da haka, yawanci da dare sa'ad da kaza ba ta cin komai. Dabarar da aka halitta mata ita ce, kamar mako biyu kafin ta fara ƙwai, estarojin ya kan sa ta tara wani ƙashi mai laushi a cikin ramin ƙasusuwan ƙafarta. Rumbu ke nan. Da dare ta ɗiba, da rana ta mayar daga abinci. Don haka abincin mai ƙwai ke bukatar kalsiyam wajen kashi 4 cikin 100, na ɗan tsako kuwa kashi 1 ya isa. Wanda ya ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai don ya fi araha ran nan, ya jawo musu ciwon ƙoda.

Amma fa kada a ɗora wa rana laifin kowace karkatacciyar ƙafa. Ƙasar Hausa ba ta rasa rana ba. Wani bincike da likitoci suka yi a Jos, aka buga shi cikin 1999, ya duba yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa da masu gwame, ya tarar kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci cikin abinci. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Masinja ya zo, amma ba kayan da zai ɗauka. Hatsi, ko dawa ko gero ko masara, ba shi da kalsiyam sai kaɗan. Haka abin ya ke ga dabbar da aka turke. Dusa tana da fosforas da yawa, kalsiyam kuwa ƙalilan. Dokin da aka cika masa dusa da dawa aka rage masa ciyawa, ƙasusuwan fuskarsa kan kumbura. Ragon da a ke yi wa kiwon Salla da dusa zalla kan yi tsakuwa a mafitsara, fitsari ya tsaya, a yi asararsa ana saura kwanaki kasuwa. Abin da a ke so shi ne kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. Harawar wake da ta gyaɗa suna da shi, garin farar ƙasa irin na abincin dabbobi ma yana cikewa, a kuma bar ruwa a gaban rago kullum.

Shanun daji matsalarsu ta juya. Makiyaya sun sha ganin saniya da rani tana tauna tsohon ƙashi ko tsumma. A Afirka ta Kudu wannan hali ya yi ta kashe shanu, har wajen 1919 Arnold Theiler ya gano dalili: ƙasar ba ta da fosforas, ciyawa ba ta da shi, shanu na neman sa a ƙasusuwan mushe, a nan su ke haɗiyo dafin wata ƙwayar cuta mai shanye jiki. Da aka riƙa ba su garin ƙashi mai tsabta, suka daina. Ƙasar Arewa ma fosforas ɗinta kaɗan ne, shi ya sa gyaɗa ke amsa takin supa. Kanwa da gishiri suna da nasu amfani, amma ba su maye wannan gurbi. Dutsen lasa mai fosforas shi ne magani, a kuma binne mushe kada a bar shi a makiyaya.

Saura girman jiki kansa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai fid da homon na girma. An daɗe ana zaton shi ke zuwa ya ja ƙashi da kansa, sai cikin 1957 William Daughaday da abokin aikinsa William Salmon a Amurka suka ga in an zuba shi a kan guringuntsi cikin kwalba ba ya yin wani abin kirki, sai an haɗa da ruwan jinin dabba mai lafiya. Ashe hanta ya ke aika wa, ita kuma ta saki wani ɗan aike na biyu, wanda yanzu a ke kira IGF-1. Wannan da irinsa ba maiƙo ba ne, dangin furotin ne, ba su iya ratsa katanga. Baƙi ne, a zaure su ke tsayawa su yi sallama, mai karɓa na bakin ƙofa ya miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa wa na gaba, har magana ta kai turaka, ƙwaya ta rabu biyu. Da ya ke furotin ne, in an ci su ciki ya kan narkar da su kamar nama. Duk mai tallar garin da ya ce homon na girma ne a zuba a dusa, a tambaye shi wannan.

Hanta kuwa ba ta sakin IGF-1 sai ta ga abinci. In rani ya yi tsanani, ciyawa ta zama kara, homon na girma ya kan ƙaru cikin jini, amma hanta ta yi kunnen uwar shegu da shi, girma ya tsaya cik. Da ruwa ya sauka sai maraƙi ya yi wani irin tashi, ya rama wani abu daga abin da ya rasa. Wanda yunwa ta kama tun yana ƙarami ƙwarai ba ya ramawa duka. Ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya da aka ba maraƙi daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa ya fi buhun da za a ba shi bayan ya tsumbure. Dakashi ma, watau nonon farko, cike ya ke da waɗannan 'yan aike masu gina hanjin jariri, ban da kariyar cuta da ke cikinsa, wadda hanjin maraƙi ba ya iya ɗauka sai a yinin farko. Masu tatse shi su zubar don sun ga kalarsa ta yi rawaya, maraƙin su ke cuta.

Tun da aka san waɗannan abubuwa mutane ke neman gajeriyar hanya. A Amurka an yarda a sa wa shanu wani estarojin na kanti mai suna DES cikin abinci a 1954, aka zo aka gane yana jawo ciwon daji, aka hana a 1979. Ƙasashen Turai sun rufe ƙofa ga naman shanun da aka yi wa homon tun 1989. Zancen da a ke yi a kasuwa wai allurar homon ke sa kajin gidan gona su kai kilo 2 cikin mako shida ba shi da tushe. Zaɓen iri ne na shekaru da yawa, da abinci mai kyau.

Wanda ya fi zama haɗari a nan kusa shi ne deksametason, kotisol na kanti, mai arha, wanda a ke samu a kusan kowane shagon magani. Yana da aikinsa a hannun likita. Amma waɗansu masu kiwo na ba dabba don ta yi ta ci ta yi sheƙi kafin ranar kasuwa. Aikin kotisol shi ne ya rushe tsoka ya mai da ita sukari don dabba ta tsere wa wahala, ya kuma danne ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Abin da mai saye ya gani ba nama ba ne, ciwon da ke kwance kuma sai ya tashi. Ga mai ciki abin ya fi muni. Graham Liggins a New Zealand ya nuna cikin shekarun 1960 cewa kotisol na ɗan tunkiya da ke ciki shi ke ba da sanarwar haihuwa: in ya ƙaru, farojestaron na uwa ya faɗi, naƙuda ta taso. Allurar deksametason ga saniya ko tunkiya mai tsohon ciki wannan sanarwa ce ta ƙarya. Cikin kwana biyu ko uku sai ta haifi ɗan da bai isa ba, sau da yawa kuma mabiyiya ta ƙi fita. Kafin a soka wa macen dabba kowace allura mai wannan suna a jikin kwalba, a tabbata ba ta da ciki, in ana shakka a kai ta wurin malamin dabbobi ya duba.

Bitamin D ma ba a wuce ma'auni da shi. Ba ya fita da fitsari kamar waɗansu, a kitse ya ke taruwa, in ya yi yawa kalsiyam ya daskare a ƙoda da hanyoyin jini. Har maganin ɓera a ke yi da shi. Ragon da a ke fitarwa ya sha hantsi kowace safiya, ana ba shi harawar da ta bushe a rana, ba ya bukatar allurarsa.